"An Canza Komai": Hanyoyin Gane Ko An Yi wa Motar Hannu Babban Gyara

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram ba a nan aka fara hawansu ba. Sun yi shekaru a hannun wasu mutane a Beljiyam ko Jamus ko Faransa ko Amurka kafin a loda su a jirgin ruwa. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka aka kawo su. Shekaru da dama tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce babbar ƙofar shigowarsu wannan yanki, shi ya sa ake kiran irin wannan mota 'yar Kwatano. Bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome.

Mai sayen motar hannu yakan duba fenti da kujeru da fitilu, ya ɗan zaga da ita, sannan ya tambayi dillali ko tana da matsala. Amsar da ya saba ji ita ce: "Lafiyarta lau, an canza komai." A wannan takarda za a yi bayanin yadda ake tantance wannan magana, musamman game da belin tamin, wanda shi ne ya fi jawo wa masu saye asara. Haka kuma ɗalibi zai sami kalmomin da ake amfani da su a gareji da wurin ciniki.

1.1 Matsalar "an"

Ɗalibin nahawu ya san cewa "an" yana nuna aiki ya auku, ba tare da faɗin wanda ya aikata shi ba. Idan mutum ya ce "na canza", ya ɗauki nauyin maganarsa. Idan ya ce "an canza", ya bar wa kansa ƙofar fita. Ba lalle ne dillali ya yi ƙarya ba, domin motar da ta shekara 15 ba za a rasa abin da aka taɓa canza mata ba. Aikin mai saye shi ne ya cike giɓin da "an" ya bari da tambayoyi huɗu: Me aka canza? Wa ya canza? Yaushe, kuma a kilomita nawa? Ina shaida?

2.0 Ƙaramin Gyara da Babban Gyara

Gyaran da ake yi wa mota mai lafiya iri biyu ne. Akwai ƙarami, wanda ake maimaitawa a kai a kai: juyen baƙin mai, canza matatar mai da ta iska, duba fulogi da birki. Akwai kuma babba, wanda yake zuwa sau ɗaya a shekaru da yawa: canza belin tamin da famfon ruwa, canza man giya, wanke lagireto da sake ruwansa, canza kuloci.

Babban gyara yana da tsada. Don haka mutum a Turai, idan ya ga lokacin aikin ya gabato, sau da yawa yakan gwammace ya sayar da motar. Ke nan akwai motocin da suke isowa nan daidai lokacin da bashin gyara ya hau kansu, kuma wanda ya saya shi ne zai biya, ko ya sani ko bai sani ba.

3.0 Belin Tamin

3.1 Aikinsa

A cikin inji akwai sanduna biyu masu juyawa. Ta ƙasa, wato kiranshaf, ita fistin ke juyawa. Ta sama, wato kamshaf, ita ke buɗe bawul da rufe shi, domin iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Dole su tafi tare a kan ƙa'ida: ta ƙasa ta juya sau biyu, ta sama sau ɗaya. Abin da ke haɗa su shi ne bel na roba mai haƙora, ko kuwa sarƙa ta ƙarfe. Idan inji na juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa sau 25 a daƙiƙa guda.

A injuna da yawa, wurin da bawul ke saukowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke hawa idan ya kai sama. Ba sa karo ne kawai saboda kowa da lokacinsa. Da zarar bel ya tsinke, sandar sama ta tsaya, ta ƙasa kuwa ta ci gaba da juyawa, sai fistin ya doki bawul ya lanƙwasa shi. Aikin da bai wuce na yini guda ba sai ya koma buɗe kan inji, wani lokaci ma sayen wani injin. Kusan duk injin dizal haka yake. Akwai wasu injunan fetur, kamar 5S-FE na tsohuwar Toyota Camry, da sukan mutu kawai ba tare da ɓarna ba, amma ko su, wanda motarsa ta tsaya tsakanin Doso da Dogonduci da tsakar rana a watan Afrilu ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya sa wannan bel ya fi haɗari shi ne yawanci ba ya gargaɗi. Birki kan yi ƙara, kuloci kan yi santsi, shi kuwa yana iya aiki lafiya lau har ranar da zai tsinke.

3.2 Bel ne ko sarƙa?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma amsarta tana ga irin injin, domin sunan mota kaɗai ba ya isa. Corolla mai injin 4A-FE ta shekarun 1990 bel gare ta, wadda ta biyo baya mai injin ZZ kuwa sarƙa. Camry mai silinda huɗu tana da bel har zuwa samfurin 2001, daga 2002 ta koma sarƙa. Honda Accord ta 2003 zuwa sama, mai fetur da silinda huɗu sarƙa ce, mai silinda shida bel. Hilux mai dizal mai injin 5L ko 2KD bel, sabon injin GD da ya fito a 2015 sarƙa. Tsofaffin Marsandi irin su 190 sarƙa ce, Fijo 406 kuwa bel.

Ita sarƙa ba a yanka mata wa'adin canji ba, muddin ana juyen mai a kan lokaci. Idan ta saki, takan yi kwaramniya da sassafe lokacin da aka tayar da inji. Bel kuwa yana da wa'adi biyu, na kilomita da na shekaru, kuma wanda ya riga cika shi ake bi. Gwargwadon kamfani, wa'adin yakan kama daga kilomita 60,000 zuwa 160,000 ko fiye, ko daga shekara 4 zuwa 10. Ainihin adadin yana cikin littafin motar. Roba tana tsufa ko da mota na ajiye, zafi da ƙura kuma suna gaggauta tsufanta, saboda haka a ƙasarmu ya fi kyau a rage wa'adin.

Akwai kuma wani sabon salo, bel mai aiki a cikin baƙin mai, kamar a injin PureTech 1.2 na Fijo da Citroën da EcoBoost 1.0 na Ford. Idan irin wannan bel ya fara marmashewa, ɓurɓushinsa yakan toshe hanyar mai. Kamfanin Fijo ya rage wa'adinsa zuwa kilomita 100,000 ko shekara 6.

4.0 Shaida ta Farko: Takarda

Takardar da ta fi ƙarfi ita ce rasit na gareji, mai ɗauke da kwanan wata da adadin kilomita da jerin kayan da aka saka da lambar motar. Bayanta sai littafin sabis mai hatimin gareji. A nan sanin harshe yana da rana, domin takardun da yaren ƙasar da motar ta fito aka rubuta su. Da Faransanci ana rubuta courroie de distribution, da Jamusanci Zahnriemen, da Holanci distributieriem, da Ingilishi timing belt. Famfon ruwa kuwa pompe à eau ne ko Wasserpumpe ko waterpomp. Wanda ya haddace waɗannan zai iya karanta rasit ko da bai iya yaren ba.

Kafin a yarda da takarda, sai a gwada lambar jikin mota, wadda ake kira lambar shasi. Tun 1981 lambar tana da harufa da alƙaluma 17. A tabbatar wadda ke jikin ƙarfen motar ita ce a katin mota, ita ce kuma a rasit. A lura da littafin da duk shafukansa hannu ɗaya ya cika su da biro ɗaya, alhali an ce shekara goma suka ɗauka. Wannan alama ce ta an zauna an cika shi rana ɗaya.

Wasu ƙasashe suna ajiye tarihin mota a kwamfuta. A Beljiyam, tun 2006 akwai tsarin Car-Pass, inda ake rubuta kilomitar mota duk lokacin da ta shiga gareji ko wurin gwajin lafiya. A Faransa gwamnati ta buɗe shafin HistoVec a 2019, wanda mai mota ke fitar da rahoto daga cikinsa kyauta ya ba mai saye. Motar Amurka kuwa ana iya biyan kuɗi a nemi rahoton Carfax da lambar shasi. Amfanin waɗannan rahotanni ya fi ƙarfi wajen tabbatar da kilomita da manyan haɗurra. Aikin da aka yi a ƙaramin gareji yana iya rasa shiga cikinsu.

5.0 Shaida ta Biyu: Jikin Mota

Sau da yawa motar na isowa ba ko takarda ɗaya sai ta kwastan. A nan sai a koma ga abin da ido zai gani, gani kuwa ya kori ji. A tafi da bakaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, a kuma nemi a sami motar inji a sanyaye.

Na ɗaya, a nemi ɗan manne. Garejin Turai yakan liƙa wata 'yar takarda a kan murfin bel ko a ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙofa, mai nuna rana da kilomitar da aka yi aikin. Wasu bakanikai da fenti suke rubutawa.

Na biyu, a bambanta belin tamin da fambel. Fambel shi ne wanda ake gani a waje da an ɗaga bonet, yana juya injin caji da na'urar sanyi. Belin tamin a rufe yake cikin murfi. Akan nuna wa mai saye sabon fambel a ce ga shi an canza, alhali ba shi ake tambaya ba.

Na uku, a kwance murfin sama. A motoci da yawa noti biyu ko uku ne, ko maƙalai. Sabon bel bayansa ba ya ƙyalli, kuma rubutun kamfanin da ya yi shi yana karantuwa sarai. Tsoho bayansa ya yi sulɓi yana sheƙi, rubutu ya goge, gefensa ya fara zare, gindin haƙoransa ya tsattsage. Idan mai ya jiƙa shi, ko sabo ne ba zai daɗe ba. Sai dai a riƙe wannan ƙa'ida: ido yana iya tabbatar da cewa bel ya lalace, amma ba ya iya tabbatar da cewa yana da sauran kwana. Bel mai shekara 8 yana iya yin kyau a ido.

Na huɗu, a dubi maƙwabtansa. Aikin kirki ba ya tsayawa a bel kaɗai. Ana canza boris ɗin da ke ɗaure shi da wanda yake bi ta kansa, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi. Famfon da aka canza yakan fi sauran jikin inji haske, kuma kan notocin yakan nuna sawun sifana. Idan bel sabo ne amma boris tsoho, rabin aiki aka yi, domin boris ɗin da ya ƙage zai tsinka sabon bel.

Na biyar, kada a dogara da fitilar allon direba. Wasu motocin Toyota masu dizal suna da fitila mai rubutun T-BELT da ke kamawa a kilomita 100,000 ko 150,000. Lissafin kilomita kawai take yi, ba ta ganin bel ɗin, kuma ana iya kashe ta ba tare da an taɓa shi ba.

6.0 Shaida ta Uku: Lissafi

Duk bayanin wa'adi ya dogara ne a kan agogon kilomita, shi kuwa ana mai da shi baya. Wani ƙiyasi da Majalisar Dokokin Turai ta kawo a 2018 ya nuna cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na motocin hannu da ake sayarwa daga wata ƙasar Turai zuwa wata an taɓa agogonsu. Don haka a gwada abin da agogo ya faɗa da abin da motar ta nuna. Idan agogo ya ce kilomita 70,000 amma robar fedar birki ta cinye, sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotse, to akwai magana. Na'urar kwamfutar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari tana taimakawa, domin a wasu motoci ana samun adadin kilomita a ajiye a wani ɓangaren dabam.

A kuma lura da ma'auni. Motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Agogon da ya nuna 100,000 a irin wannan mota yana nufin kusan kilomita 161,000.

Ga misali. A ce motar 2010 ce, kamfani ya yanka wa'adin kilomita 120,000 ko shekara 6, agogo kuma yana nuna 110,000. Dillali zai ce ai da saura. Amma ta fuskar shekaru, ya kamata a ce an canza bel a 2016, an sake a 2022. Idan babu shaidar ko ɗaya, motar ta daɗe da wuce wa'adi, ko da agogon gaskiya ya faɗa.

7.0 Sauran Manyan Gyare-gyare

Man giya. A mota mai canza giya da kanta, idan tana da sandar gwaji, a ɗiga man a farar takarda. Yawanci sabo ja ne garau. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna ya daɗe ba a canza shi ba. A tuƙa a ji ko giya na fizga ko jinkirin shiga.

Ruwan lagireto. A buɗe shi sai inji ya huce sarai, domin ruwan zafi na iya fesowa ya ƙona mutum. Ruwan da ya dace yana da launi, kore ko ja ko shuɗi. Idan launin tsatsa gare shi, da ruwan famfo zalla aka riƙa cika shi. Idan an ga wani abu mai kauri kamar kindirmo a bayan murfin baƙin mai, ko farin hayaƙin da ba ya yankewa daga salansa, ana zargin gaskit ɗin kan inji ya ƙone.

Kuloci. A saka giya ta huɗu ana tafiya a hankali, a taka totur sosai. Idan inji ya yi ruri amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya cinye.

Taya. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da alƙaluma huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Injin da aka wanke tas kafin zuwan mai saye shi ma abin lura ne, domin wanki yana ɓoye yoyon mai. A sake dubawa bayan an zaga da motar.

8.0 Misalin Hira

Mai saye: Alhaji, wannan bel gare ta ko sarƙa?

Dillali: Bel ne, Malam. Amma kada ka damu, an canza.

Mai saye: Madalla. A nan aka canza, ko tun can?

Dillali: Tun can. Ai Turawa ba sa wasa da gyara.

Mai saye: Haka ne. Ko akwai 'yar takarda da ta nuna ranar?

Dillali: Wallahi yadda ka gan ta haka ta zo mini.

Mai saye: To, Alhaji, ba wai ban yarda da kai ba ne, kai ma faɗa maka aka yi. Ka ba yaron nan izini ya buɗe murfin mu gani. In babu shaida, sai mu cire kuɗin aikin daga farashi, kowa ya huta.

Dillali: Malam, ka cika lissafi. To, ya buɗe.

A lura da jimlar "kai ma faɗa maka aka yi". Da ita mai saye ya ƙi karɓar maganar ba tare da ya ƙaryata dattijo ba, ya kuma ba shi hanyar rage kuɗi ba tare da jin kunya ba.

9.0 Bayani a Kan Wasu Kalmomi

Yawancin kalmomin gareji aro ne, kuma suna nuna ƙasar mai magana. A Nijeriya daga Ingilishi aka aro su: fetur, dizal, fulogi, lasin. A Nijar kuwa a bakin mutane da yawa za a ji isansi, gazuwal, buji, farmi, daga Faransanci. Abin da Bakano ke kira juye ko sabis, mutumin Maraɗi yana iya ce masa bidanji. Akwai kuma waɗanda suka zama na kowa, kamar mota da taya da birki.

Kalmar garambawul ta cancanci kulawa. Asalinta maganar bakanikai ce ta Ingilishi mai nufin goge bawul, aikin da ake yi idan an buɗe kan inji. Daga gareji ta fita, har ta kai ana cewa an yi wa majalisar ministoci ko tsarin mulki garambawul. Wanda belinsa ya tsinke kuwa, garambawul na asali ne zai same shi.

10.0 Kammalawa

An nuna cewa shaidar babban gyara iri uku ce: takarda, jikin mota, da lissafin shekaru da kilomita. Idan biyu daga ciki suka yi daidai da juna, mai saye yana iya natsuwa. Idan babu, ƙa'idar ita ce a ɗauka ba a yi aikin ba. Sai a tambayi kuɗin bel da boris da famfon ruwa da ladan bakanike, a cire daga farashi, a yi aikin kafin doguwar tafiya ta farko. A sayi kayan a wurin da aka amince da shi, domin jabu sun yi yawa a kasuwa, araha kuwa ba ta ado. A nemi bakanike ya nuna tsofaffin kayan da ya cire. Daga nan mai mota ya rubuta rana da kilomita a littafi, ya adana rasit, domin ranar da zai sayar ya iya cewa "na canza", ya kuma nuna takarda.

Aiki: Ɗalibi ya ziyarci gareji mafi kusa da shi, ya tattaro sunayen sassan inji guda 20 kamar yadda bakanikai ke furta su, ya nuna harshen da aka aro kowanne, da sauyin sautin da ya samu a bakin Bahaushe.